Kifin da Malam Ya Tausaya wa

Bodinga,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya ƙarin haƙuri? Ki gaishe mini da iyayenki da mutanen Shagari da suka tako suka yi mana gaisuwa. Allah ya ba su lada.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Na kira ki, kin kuma ga yadda muka ƙare. Ina kwana, lafiya lau, yaya jiki, da sauƙi, sai kowa ta yi shiru tana sauraron numfashin 'yar'uwarta. Surukuta ta ɗaure mana harshe. Takarda ba ta da ido, zan iya gaya mata abin da ba zan iya gaya miki ba. Mairo maƙwabciyarmu za ta riƙa kawo miki, tunda kullum tana bin motar safe zuwa aikinta na asibiti a garinku. Kada ki damu, ba ta karanta abin da ba nata ba. Ko nata ma sai an matsa mata.

Maganar akwatin gilashin kifin marigayi mijinki ce. Ranar da iyayenki suka zo ɗaukarki goyon ciki, kin tsaya a ƙofar ɗakinsa kin kasa shiga. Na ce ki tafi, zan riƙe akwatin da rai har ki sauka, abin da kika haifa ya buɗe ido ya ga aikin hannun ubansa. Ni ba mai yawan alkawari ba ce, kuma wannan kaɗai ya rage mini. Ina dawowa daga makaranta sai in ajiye littattafan tarihin 'yan mata, in wanke hannu, in shiga.

Sola tana aiki, injin juya ruwa da fanka ba su tsaya ba. Ina haɗa ruwan gishiri yadda kika nuna mini, da ruwan da aka tace, ba na rijiya ba. Gishirin da ya sayo daga Legas zai kai mu damina. Murjani yana buɗewa da safe kamar furen kabewa. Har yanzu matan unguwa ba su yarda dabba ne mai rai ba. Wata ta tambaye ni yaushe zai nuna a shirya shi a zare.

Ango da Amarya, masu ruwan lemo da farar ɗamara, suna nan manne da juna. Mai-tuta, siririn nan fari mai jan wutsiya, har yau in na yi tari sai ya ɓuya. Maigadi yana zaune a bakin raminsa yana zare ido kamar wanda ba a biya ba. Jatan lande biyun suna ta wanke wa kowa jiki. Ina kiran sunayensu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce ba ni da kunya.

Masu zuwa gaisuwa ne suka ishe ni. Wai Safinatu dutse ce, ɗan fari ya tafi a hatsarin mota, ko ƙwalla. Suna yaba mini kamar na ci jarrabawa. Tun da na haife shi ban kira sunansa ba, ban zauna tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa tambayarsa me ya gani a teku da har ya ɗauko guntunsa ya kawo Bodinga ba, duk don kada a ce na nuna so ga ɗan fari. To ga ladan: yabon tsofaffi.

Tambaya ɗaya nake da ita. Ƙaramin akwatin nan na kan kanta, mai kifi guda, wanda gabansa shunayya ne bayansa rawaya kamar an tsoma shi a rini biyu, wanda kuke ce wa Rabi-da-Rabi, me ya sa yake shi kaɗai? Bai kai ɗan yatsana ba, ga kyau. Babanku Malam kullum sai ya tsaya a gabansa yana cewa, “Wanga bawan Allah, mi yay yi anka kulle shi shi ɗai?” Kin san shi, tun da ya bar shugabancin firamare ba shi da aiki sai sulhu. Ko kaji ya ga sun raba hanya sai ya bi ba'asi.

Ki ci abinci ko ba kya so. Allah ya raba lafiya.

Innarki,
Safinatu.


Bodinga,
Ranar Laraba.

Ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida mutanen gida. Mairo ta ce ƙafafunki sun kumbura. Ki rage gishiri, ki riƙa ɗora su bisa matashi.

Amsarki ta zo ran Litinin. Na karanta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna. Kin ce sunan irinsa dotibak, mijinki ya saye shi don kyansa tun yana sabon shiga, ya kashe masa kifaye, shi ya sa ya ware shi, ya kuma ce ko da wasa kada a mayar da shi cikin sauran. Kin ja layi a ƙarƙashin “ko da wasa”. Ɗiyata, takardarki ta makara. Ran Juma'a aka yi addu'ar arba'in.

Ina can bayan gida cikin tukwane da mata, ana rabon sadaka, Malam ya ja abokansa zuwa ɗakin su ga abin mamaki. Wani dattijo daga Danchadi, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi fadamarsu ba, ya ba da fatawa nan take: wai zalunci ne a tsare dabba ita kaɗai ga 'yan'uwanta tana hange. Malam da ma jira yake. Ya ɗauki kwanon sha, ya kamfato Rabi-da-Rabi, ya juye shi cikin babban akwati. Aka shafa fatiha. Da na shigo da yamma ya tare ni da fara'a, karo na farko tun rasuwar, ya ce an sada zumunci. Ban san komai ba a lokacin. Har na ji daɗin ganin haƙoransa.

Kwanakin farko shiru. Rabi-da-Rabi ya shige cikin duwatsu, sai dai ka hangi ƙyallin shunayya ta wani rami. Ashe zagayen ƙasa yake yi. Ranar da takardarki ta iso na lura Mai-tuta ya daina fitowa cin abinci, ya maƙale can sama a kusurwa, tutarsa a yage. Washegari da safe na neme shi na rasa. A bayan kanta na same shi, a ƙasa, ya bushe, tururuwa sun rufe shi. Tsalle ya yi ya fita ta 'yar kafar murfi. Ya zaɓi siminti a kan zama da maƙwabcinsa. Yau kuma na tarar da jatan lande guda ba ƙafafu, wancan yana fizgarsa yana buga shi da dutse.

Na kwaso littattafan mijinki na Turanci na zauna a kansu. Duk abin da nake bukata yana ciki, da alamar yatsunsa a gefen shafi. Irin wannan kifi a kogunan dutse yake zama. In ya kama rami, duk abin da idonsa ya hango daga bakin ramin ƙasarsa ce. A teku wanda aka kora sai ya yi gaba, teku ba ya ƙarewa. A cikin gilashi ba gaba. Ya fi tsanar siraran kifaye masu irin ƙirarsa da masu tsoro, jatan lande kuwa abinci ne a wurinsa. Masu kiwo ba sa haɗa shi sai da waɗanda suka fi shi girma da zafi, a wuri mai faɗi. In kuwa ya riga ya shiga, littafin ya ce da wuya ya fito sai an kwashe duwatsu.

Na karanta wa Malam wannan, ina fassara masa layi layi kamar ɗalibi. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula, ya ce, “Ki yi hanƙuri, Malama. Baƙunta ce. Duk wanda anka daɗe da kullewa haka yake fitowa. Za su saba.” Na ce wanda ya bushe a bayan kanta fa, da wa zai saba? Ya ce kwanansa ne ya ƙare.

Na daɗe ina koyar da tarihin garuruwan da aka rufe wa ƙofa da mai ƙarfi da marar ƙarfi a ciki. Ban taɓa karanta inda suka saba ba.

Ki yi mini addu'a, kada in faɗi abin da ba zai ɗauku ba.

Innarki,
Safinatu.


Bodinga,
Ranar Asabar.

Ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Yaya zafi a wurinku? Nan bazara ta kai inda ko ƙadangaru ba sa fitowa. Na gode da zogalen da mahaifiyarki ta aiko. Ki ce mata na ga saƙo, Allah ya bar zumunci, irin na mutane.

Don in kama Rabi-da-Rabi, na gwada duk dabarar da ke cikin littafi da wadda kika tuna. Na sa 'yar raga, kafin ta taɓa ruwa ya shige dutse, ya leƙo ta wani ramin yana kallona. Na yanke gorar ruwa na juya bakinta ciki na sa nama, Ango ne ya shiga, na sake sawa, Ango ya sake shiga. Mijin kirki, ba wayo. Na jingina madubina a jikin gilashi don ya yi faɗa da kansa ya ƙyale mutane. Ya yi yini guda yana kai wa hotonsa hari, washegari ya gane, ya koma kan Maigadi. Abin da bai kai ɗan yatsa ba ya mayar da ni abin dariya a gidana. Jatan lande na biyu ma ya tafi. Ɓawonsa kawai na tsinta.

Shi kuwa Malam ya buɗe zaman sulhu. Kin san yadda yake yi in manomi da makiyayi sun zo: ba a korar kowa, ba a ce wa kowa kai ne mai laifi, a zaunar da su tabarma ɗaya, a kawo tuwo da fura, sai ciki ya cika a fara magana. Ya ce bai taɓa ganin ƙosasshe yana faɗa ba. Saboda haka da na fita makaranta sai ya shiga ya zuba musu abinci da hannu sake, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Na ɓoye gwangwanin, ya nemo. Na kulle ɗakin, ya nuna mini cewa gidansa ne kuma yana da nasa makulli. Ruwan da yake garau kamar ba ruwa yanzu ya yi hazo. Gansakuka ta fara cin duwatsu. Murjani ya daina buɗewa sosai. Rabi-da-Rabi kuwa ya yi ƙiba, ya ƙara ƙarfin duka.

Jiya muka yi ta. Na ce masa sulhunsa yana aiki ne a kan mutane saboda mutane suna jin kunyar furfurarsa, kifi kuwa bai san ya yi shugabancin firamare ba. Na ce wanda yake kira haƙuri kullum ba shi ake ci ba. Ya dube ni ya ce, “To Malama, duk wanga tashin hankali a kan kifi?” Nan na tsaya. Amsar tana bakina, ba ta da wuya: ba a kan kifi ba ne, a kan ɗana ne. Amma yaya zan faɗa? Mu biyu mun yi shekaru muna kewaye yaron nan da “wancan” da “shi” da “mai ɗakin can”. Ko a ranar da aka kawo shi a lulluɓe ba mu dubi juna ba. Sai na ce, i, a kan kifi ne. Na fita na hau wanke kwanonin da na riga na wanke.

Kin rubuto cewa ba sauran hanya sai a kwashe duwatsun. Na sani. Ba zan iya ba. Ke kina cikin ɗakin kina miƙa masa lokacin da yake gina su, ni kuwa ina tsakar gida, na kawo tsintar shinkafa daidai inda zan hango ta ƙofa ba tare da an ce ina kallo ba. Na ga yadda yake juya kowane dutse a hannu kafin ya aza, ya ja da baya, ya karkata kai, ya cire, ya sake. Bakan dutsen nan na tsakiya, wanda Ango da Amarya suke ratsawa, sai da ya faɗi ya faɗi kafin ya tsaya, ba siminti ba komai, nauyi ne kawai ya riƙe nauyi. Da ya tsaya ya yi dariya ya waiwayo, muka haɗa ido, na sunkuyar da kai cikin shinkafa. Kayansa an raba, babur ɗinsa an sayar, solar da ya kafa wa mutane ta zama tasu. Wannan bakan ne kaɗai abin da yake nan yadda hannunsa ya bar shi.

In na rushe, na rushe shi. In na bari, ana cinye masa su ɗaya ɗaya ina kallo. Ki gaya mini wane littafi ne ya yi maganar wannan.

Innarki,
Safinatu.


Bodinga,
Ranar Alhamis.

Bahijja,

Ina gaisuwa. Yau ba ni da dogon zance.

Maigadi ya mutu. Ba a ma kashe shi da hannu ba. An hana shi fitowa ne har yunwa ta gama da shi a cikin raminsa, a akwatin da abinci yake ruɓewa a ƙasa. Da na zaro shi ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Malam ya ce Allah ya jiƙan rai.

Yanzu saura Ango da Amarya. Littafi ya ce irinsu sukan iya kare kansu, amma marubucin bai san ruwan da Malam ya yi wa sulhu ba. Sun raunana. Amarya ta fi girma, ita take tarewa, gefenta duk ya yage, wani farin abu ya fito mata a ido. Ango yana bayanta yana rawar jiki.

An aiko wa Malam daga Horo Birni. Shuka ta kusa, an fara rigimar burtali, zai tafi jibi ya kwana biyu. Na haɗa masa kaya har da goro. Ya yi mamakin kirkina.

Na wanke robobi da bahon wanki. Kada ki rubuto ki hana ni, kada kuma ki rubuto ki ƙarfafa ni. Ki dai kula da kanki, watanki ya tsaya.

Safinatu.


Bodinga,
Ranar Talata.

Ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki karanta wannan a zaune, in kuma mahaifiyarki ta ga bai dace ba ta ajiye miki sai kin sauka.

Motar Malam tana tashi na shiga ɗakin. Na ɗebi ruwan akwatin na cika robobi, na sa Ango da Amarya a bokiti, na fara cire duwatsu daga sama, masu murjani a baho, sauran a ƙasa. Na bar bakan har ƙarshe. Na yi niyyar in ɗaga shi gaba ɗaya yadda yake. Ina taɓa dutsen tsakiya ya watse a hannuna. Bai ma yi ƙara ba, a cikin ruwa ne.

Rabi-da-Rabi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Na kwashe komai, akwati ya zama fili, ba kifi. Sai da na bi duwatsun ɗaya ɗaya ina girgizawa a kan bokiti, ya faɗo daga wani rami da ko tsinke ban zaci zai shiga ba. Na mayar da shi ƙaramin akwatinsa. Ya zagaya sau ɗaya ya koma kogonsa na da, kamar wanda ya dawo daga kasuwa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da ke ƙarƙashin duwatsun. Duk tuwon sulhun Malam yana nan kwance, ya zama baƙin laka. Da na motsa shi ya tashi ya cika ruwan, ɗakin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan gishirin da na haɗa na ajiye bai kai rabin abin da ake bukata ba, sabo kuma sai ya kwana kafin a sa. Ga hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zuba ya ƙi watsewa, sola ta yi sanyi, fanka tana juyi kamar mai jin barci, ruwan bokiti yana ɗumi a hannuna. In na bar su a bokiti zafi ya dafa su, in na mayar da su dafi ya sha su. Na tace abin da zan iya da ɗankwalina, na mayar da su.

Na yi ƙoƙarin tayar da bakan. Ni da nake riƙe sunayen sarakunan da suka mutu tun kafin kakanninmu, na kasa tuna wane dutse ne a kan wane. Na aza ya faɗi, na aza ya faɗi, har fatar yatsuna ta yi laushi ta tsage. Na tara su tsibi guda kamar na bakin gona.

Amarya ta kai safiya, ba ta kai hantsi ba. Ango ya yi ta zagaya wurin da take kwanciya, da la'asar ya bi ta. Murjani ya saki namansa kamar majina, ya bar farin ƙashi. Yanzu matan unguwa za su yarda da shi, ya zama dutse.

Malam ya dawo jiya da fara'arsa, an sasanta, har an ba shi zabi. Na riga na shirya masa magana, na jera ta tun daga addu'ar arba'in har zuwa ɗankwalina, ba inda zai kuɓuce. Ya shiga ɗakin, ina biye. Ya dubi tsibin duwatsun, ya dubi ƙaramin akwati. Sai ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa, cikin jiƙaƙƙen siminti. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, “Ni dai ban iya ganin abu shi ɗai. Can ma mun baro shi shi ɗai.”

Shi ne ya shiga kabarin ranar jana'iza, ɗiyata. Shi ya karɓe shi ya kwantar. Ni ban taɓa tambayarsa ba, shi bai taɓa faɗa ba. Ashe kullum da yake tsayawa gaban ƙaramin akwatin nan ba kifi yake gani ba.

Kada ki ce na huce. Ban huce ba. Tausayinsa ya kashe mini komai, kuma da zai sake samun kwanon sha da kifi guda, na san abin da zai yi. Amma maganar da na shirya ba ta fito ba. Na kawo masa ruwa, ya sha, na karɓi kwanon. Iyakar ta'aziyyar da muka yi wa juna ke nan tun rasuwar.

Na karya alkawarin da na yi miki. Ba ni da abin da zan nuna wa abin da ke cikinki.

Innarki,
Safinatu.


Bodinga,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya ruwan zafi? Ki daure da wankan, ki sha kunun kanwa ko ba daɗi. Mairo ta shigo da gudu ba sallama, ta ce namiji ne, ta ce goshin ubansa ne sak. Na ce mata jarirai duk kamarsu ɗaya. Da ta fita na shiga ɗakin can na rufe ƙofa.

Kin aiko cewa in daina azabtar da kaina, wai ba kifi kike so ɗanki ya gani ba, kakarsa kike so ya gani. Na gode. Ke yarinya ce mai kirki, amma kakar da za ki nuna masa ba ta da abin nunawa. Ba ta san wane abinci ubansa ya fi so ba sai ta bakinki. Ba ta san muryarsa in yana ba da labari ba sai ta bayan bango.

Ga halin da ake ciki. Ruwan babban akwati ya washe da kansa, tunda ba sauran mai mutuwa a ciki. Rabi-da-Rabi na nan. Kwana biyu bayan dawowar Malam na kamfato shi a kwano na fita da shi wurin kaji. Na tsaya, zabin Malam sun taru suna miƙa wuya. Yana cikin kwanon yana kallona, ko gezau. Sai na tuna hannun da ya zaɓe shi a cikin kifayen Legas duka, don kyansa, ya san halinsa daga baya, bai kuma jefar da shi ba, ya yi masa ɗaki nasa. Na koma da shi. Na juye shi a babban akwati, tunda ba wanda zai kashe.

Ki gan shi yanzu. Yana yawo a fili daga bango zuwa bango, launinsa har ɗaukar ido yake. Ya samu abin da yake so, duniya ba kowa. Ina ba shi abinci da awo, ina canza masa ruwa, ina zaginsa. Gishirin ya kusa ƙarewa, na sa a tambayo mini inda ake samu. Ban san don me ba. Malam yakan zo ya tsaya a ƙofa, ba ya shiga, ba ya kuma cewa komai a kan kaɗaici. Wani lokaci ina duban kifin nan in ga shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa ɓoye abin da ke ransa ba. Mu masu kunya da haƙuri ga inda muka ƙare.

Mahaifinki ya aiko wa Malam cewa sunan uban za a mayar wa yaron. Tun yanzu tsofaffi sun fara shirya mini mafita: wai sai in riƙa ce masa Magaji, kada bakina ya kama sunan ɗan fari. Sun yi mini tanadin wata kunyar ta shekara talatin, in Allah ya ba ni rai.

Ki gaya musu ba na so. Za mu zo suna da motar safe, ni da Malam. In an raɗa, a miƙo mini shi a gaban kowa, zan kira shi da sunansa, wadda za ta riƙe baki ta riƙe. Ba zai dawo da kowa ba. Wanda ya kamata ya ji ya riga ya wuce inda ake ji. Na yi ta gwadawa a ɗakin can, a gaban kifin, har yau muryata ba ta fita da shi daidai, tana karyewa a tsakiya. Saboda haka bari in fara a takarda, tunda ita ba ta da ido.

In kun yi arba'in ki kawo shi ya ga tsibin duwatsu da mugun kifi guda. Zan gaya masa da akwai baka a nan, ubansa ya gina, kakarsa ta rushe.

Ki shafa mini kan Abdulaziz.

Ni ce,
Safinatu, uwar Abdulaziz.